Bangon Gwaggo a Zango

A shekarar da na gama karatun zanen gine-gine na dawo Damagaram ana tsakiyar bazara. Na samu gurbin staj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin buro na masu zanen gini da ke bayan wani kantin fenti, wajen wani dattijon arshitek da kowa ke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, saboda ya taɓa koyar da lissafi a lise, babbar sakandare, kafin ya koma harkar gini. Dogo ne, ba shi da yawan magana, yana ɗan jan ƙafar hagu in yana tafiya.

A lokacin hannuna ya faɗa da zane, kuma na san haka. A makaranta malamai kan ɗaga aikina su nuna wa aji, har na ɗauka aikin ke nan gaba ɗaya. Ranar farko Mushe ya duba zane-zanena, ya ce sun yi kyau, ya miƙo mini abina, bai sake tambayarsu ba. Abin da ya sa ni shi ne bin sa a ƙafa wuraren da ake gini. Ni ina ɗaga kai ina kallon tagogi da ado, shi kuwa kullum idonsa na ƙasa, a gindin bango. Yakan tsaya ya dafa katanga da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya murza ƙasar wurin a yatsunsa, wani lokaci har ya shinshina. Idan na tambaye shi abin da yake nema sai ya ce in taɓa da kaina in gaya masa abin da na ji. Sau da yawa ban ji komai ba, sai kunyar yadda mutane ke kallon mace sanye da mayafi tana shafa bangon gidan wasu.

Ina da gwaggo a unguwar Zango, yayar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai uwata. Gidan da take ciki tsohon gidan fatake ne, na kakannin mijinta, da soro mai hawa biyu na tubali da azara, bayansa yana kallon wani siririn lungu. A ɗakin ƙasa na soron take kwana, nan kuma take ajiye kayan sana'arta, don turaren wuta da humra take haɗawa, matan Zango da na Birni suna zuwa saye. Ta ce sanyin ɗakin ne ke riƙe mata ƙamshi. Ɗanta guda ne namiji, wanda nake ce wa Yaya, ɗan kasuwa ne da ke zaune a Agadas. Wasu 'yan shekaru kafin dawowata ya zo ya sa aka shafe bayan soron da siminti tun daga ƙasa har sama, aka yi masa shuɗin fenti, don a raba mahaifiyarsa da wahalar yaɓen ƙasa na kowace shekara. Duk wanda ya zo gidan sai Gwaggo ta fita da shi lungu ta nuna masa.

Bayan ruwa ya sauka sosai na je gaishe ta. Na tarar da ita a ɗakin ƙasa tana daka itacen sandal. Na zauna a bakin gado, muna hira, sai na ji wani wari a ƙarƙashin ƙamshin, irin na tufafin da aka naɗe da danshi aka manta. Na lura kuma tana goge murafen kwalabenta da gefen zane kafin ta buɗe kowace.

Na ce, “Gwaggo, ƙura ce ke shigowa haka da damina?”

Ta ce, “Rairayi ne yake zubowa daga sama. Kullum da safe sai na share. Tsohon gida ai sai haƙuri.”

Da zan fita ƙofar ɗakin ta cije, sai da na sa kafaɗa. Gwaggo ta ce kafinta ya riga ya sassaƙe ta har sau biyu, amma ta sake kumbura. Na zagaya lungu na tsaya gaban shuɗin bangon. Sumul yake, babu tabo, sai wata siririyar tsaga kamar zare da ta taso daga kusurwar tagar sama. Na ƙwanƙwasa shi daidai ƙirjina. Ya amsa kamar an bugi ƙwarya. Na matsa gaba na sake bugawa, haka. Na bi shi har ƙarshe, babu inda ya yi mini sautin bango. Yara biyu da ke wasa a wurin suka zo suna kwaikwayona suna dariya.

Washegari Mushe ya biyo ni. Bai fara da bango ba. Ya zauna a tsakar gida ya sha ruwa, ya yi wa Gwaggo ta'aziyyar mijin da ya rasu tun ina ƙarama, ya tambaye ta yadda ake jiƙa farcen da ake haɗa humra da shi, har na fara ƙosawa. Sai da hira ta yi nisa ya nemi izinin ganin ɗakin. Ya sa muka janye akwatinta na ƙarfe daga jikin bango, ya tsuguna, ya ciro doguwar ƙusa daga aljihu ya tura a gindin bangon da babban yatsa. Ta shige har kai kamar a cikin tuwo. Ya zaro ta ya ba ni, jiƙe take, da baƙar ƙasa manne a jiki. Daga nan ya hau sama a hankali, yana bin gefe, ya saki igiya mai ƙarfe a baki ta taga, ya ce in tsaya a lungu in duba. A sama igiyar na nesa da bango, a tsakiya bangon ya turo ta. Soron ya yi ciki.

A hanyar komawa ya yi mini bayani. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, yana fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. Simintin ya toshe masa hanyar fitarwa. Lungun kuma ya tashi, domin kowane maƙwabci ya yi ta zuba ɓaraguzai a ƙofar gidansa don kada ruwa ya shigar masa, har ruwan unguwar ya koma kwanciya a gindin soron Gwaggo. Yana shiga ta ƙasa, ba ya fita. Abin da ke bayan shuɗin fentin yanzu taɓo ne, kuma hawa na sama da azararsa duk a kansa suke zaune.

Na ce to a ɓamɓare simintin. Ya ce da a rani ne da sai a yi, amma yanzu ɓawon nan yana cikin abin da ke riƙe da shi, duk maginin da ya sa guduma a wurin yana iya zama a ƙarƙashinsa. Abin da ya dace shi ne a fitar da mutane, a tokare shi, in masu gida sun yarda a sauke hawa na sama da hannu, tubali bayan tubali.

Na ce, “Yaushe za ka gaya musu?”

Ya ce, “Gidanku ne. Ke za ki gaya musu.”

Na yi shiri irin na makaranta. Na zana soron a yanke, na nuna hanyar ruwa da shuɗin alƙalami, na nuna nauyi da ja. Na kai wa Gwaggo na shimfiɗa a tabarma, na yi ta zuba, rabin maganar da Faransanci ba tare da na lura ba. Ta saurare ni har na gama, ta juya takardar sama a ƙasa, ta ce zanen ya yi kyau.

Ta ce, “Uwata, ɗakin nan ya girmi ubanki. A cikinsa aka kawo ni, a cikinsa na haihu, a cikinsa aka yi wa maigidan nan wanka. Damina nawa ya gani? Sai bana da kika dawo daga karatu zai faɗi?”

Na kira Yaya a waya da yamma. Na fara da cewa simintin da ya sa ne ya jawo matsalar. Ban kai ga sauran ba. Ya ce shi da ya yi abin da babu wanda ya yi wa gidan a cikin dangi, yau shi ne mai laifi. Ya ce magina manya ne suka yi aikin, rabin gidajen Zango haka aka yi musu. Ya ce babu mai taɓa soron ubansa sai ya zo da kansa bayan damina, ya kashe wayar.

Na ba Mushe labari ina jiran ya ba ni haƙuri. Ya bar abin da yake yi ya dube ni.

Ya ce, “In ya faɗi, ina zai faɗi?”

Duk kwanakin nan Gwaggo kawai nake gani a ƙarƙashin azara. Na manta igiyar ta nuna mini ta wajen lungu bangon ya kumburo. A lungun akwai wani tela da ya kafa rumfarsa a jikin bangon saboda inuwa, yana zaune a nan da kekensa tun safe har la'asar. Akwai mata masu bi ta nan zuwa famfo, akwai 'yan kabu-kabu masu babura da ke yanke hanya zuwa kasuwa, ga yara 'yan boko da ke hutun lakwal.

Mushe ya ce, “Wanda ya kira ki aiki mutum ɗaya ne. Waɗanda ginin zai shafa ba su san sunanki ba, kuma su ma naki ne.”

Muka je wajen mai unguwa, wani tsoho mai farin gemu da ke zaune a zaurensa da dattawa uku. Bayan gaisuwa Mushe ya gabatar da ni, ya ja baya ya jingina, ya bar ni da su. A wannan karon ban ɗauko takarda ba. Na ce bangon ya ruɓe daga ciki kamar kabewar da bayanta ke da kyau, kuma in ya tashi faɗuwa a lungu zai kwanta. Na roƙi a bari mu tokare shi, a tsare lungun da igiya, a tashi telan.

Mai unguwa ya ce, “Yarinya, yaushe zai faɗi?”

Na san in na ce cikin makon nan za su tashi tsaye nan take. Maganar ta zo har bakina. Na dubi Mushe, yana kallon ƙasa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba. Yana iya zama gobe, yana iya kai ƙarshen damina, yana iya tsallake bana. Abin da na sani shi ne ba zai warke ba, kuma kowane ruwa ƙara masa yake.”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce to a kan abin da ba a sani ba za a toshe wa mutane hanya? Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce a tokare, a sa igiya, shi zai yi wa telan magana. Da muka fito Mushe ya ce da na yanka musu rana, ranar ta wuce bango na tsaye, da babu wanda zai sake saurarena a Zango, ko a kan wannan gida ko a kan wani.

Magina suka kafa gumagumai a lungu suka tokare bangon. Telan ya kwashe kekensa ya koma bakin titi cikin rana, bai amsa gaisuwata ba. Mushe ya kwaɓa farar filasta ta gini ya manna a kan tsagar a wurare uku, ya ce in riƙa dubawa, in bangon ya motsa filastar za ta fashe.

Saura Gwaggo. Na daina yi mata bayani. Na koma zuwa kullum bayan an tashi daga buro, in zauna in taya ta tankaɗe da cika kwalabe. Zama a ɗakin nan bai yi mini sauƙi ba. Kunnena kullum yana sama. In iska ta kaɗa sai in ji azara ta yi ɗan ƙara, in ga rairayi na sauka a hasken ƙofa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ina ciki, na ga wata baƙar inuwa ta danshi a gindin bango wadda jiya iyakarta idon sawu, yau ta kai gwiwa. Gwaggo ma ta gani. Ta jawo tabarma ta jingina a wurin.

Na ce, “Gwaggo, tun yaushe ƙofar nan ta fara cijewa?”

Ta ce tun bara waccan. Na tambaye ta rairayin fa. Ta ce shi bara ya fara. Sai ta ci gaba da kanta, ba tare da na sake tambaya ba. Ta ce gara ta fito a bayan gado inda ba ta taɓa fitowa ba. Ta ce sandal ɗin da ta ajiye a ƙasa ya yi fumfuna. Ta ce kwanan baya tana sallar walaha ta ji wani abu ya saki a cikin bangon, kamar an zazzage buhun gero, har sai da ta sallame ta dafa shi.

Na ce, “Ashe kin sani.”

Ta ce, “Wa zai riga ni sani? Ni nake kwana da shi.” Ta rufe kwalbar da ke hannunta. “In na fita daga ɗakin nan, me mutane za su ce? Za su ce ɗana ya kashe gidan ubansa da hannunsa. Yaron nan abin kirki ya nufa. Ba zan zama ni ce na fara nuna shi da yatsa ba.”

A ranar na gane cewa duk zanen da na yi, amsar tambayar da ba ta yi ba ce. Na sake kiran Yaya. Na fara da ba shi haƙuri a kan yadda na yi magana. Na ce masa lungun da ya tashi yana da rabonsa a cikin abin, kuma abin da ya yi shi ne abin da magina suka ba shi shawara, ba shi kaɗai ba. Sannan na gaya masa abin da mahaifiyarsa ta ji a cikin bango tana salla, da dalilin da ya hana ta fita.

Ya ce, “Ita ta faɗa miki haka?”

Na ce ita ce. Na ce, “Yaya, ni ba za ta ji maganata ba. In kai ka ce ta fita, za ta fita.”

Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Da na zo washegari na tarar an fitar da gadonta zuwa wani ɗakin kwano da ke can ɗaya gefen tsakar gida. Muka kwashe kwalabe da akwati da turmi. Ta hana a taɓa wata babbar tukunya da ke girke a kusurwa, rabinta a binne cikin daɓe, wadda uwar mijinta ta bar mata, a ciki take tsuma turaren da ya fi kowane daɗewa. Ta ce in aka tone ta za ta fashe. Sauke hawa na sama kuwa Yaya ya ce a jira shi.

Daga nan sai jira. Aka yi ruwa, aka sake yi, aka shiga marka, bango na tsaye da shuɗin fentinsa yana sheƙi. Mutane suka fara gajiya. 'Yan kabu-kabu suka riƙa ɗaga igiyar suna wucewa. Mata suka ce zagayen ya yi musu nisa da tulu a ka. Wata safiya na tarar an zare gungume ɗaya, ba a san wanda ya ɗauka ba. Samarin da ke shan shayi a bakin lungu in sun hango ni sai su ce, “Arshitek, yau ne ko gobe?” Telan ya dawo ya gyara rumfarsa, bai dai kawo keken ba, yana zuwa yana zama a ciki tun da safe. Har a gidanmu mahaifiyata ta tambaye ni ko na tabbata, domin maganar ta fara yawo a dangi cewa na tashi tsohuwa daga ɗakinta don in nuna na yi karatu.

Filastar kuwa ta fashe, ta sama tukuna, sannan ta tsakiya. Na nuna wa samarin, suka ce wannan ɗan layin ne abin tsoro? Na kai wa Mushe kuka. Na ce na fara shakkar kaina, wataƙila ginin ya fi ƙarfin lissafinmu.

Ya ce, “Yana yiwuwa. Tsofaffin magina sukan yi bango ya fi abin da ake buƙata kauri. In ya tsallake bana, mu gode wa Allah, mu sauke shi da rani, a yi ta yi mana dariya. Abu ɗaya nake ja miki kunne a kai. Kada dariyar nan ta sa zuciyarki ta fara son ya faɗi. Na ga waɗanda hakan ya same su.”

Ya ce in ci gaba da zuwa ina mayar da igiya, ko sau nawa aka cire. Haka na yi. Kowace safiya kafin in tafi buro sai in bi ta Zango in ɗaure ta, in duba gumagumai, in roƙi telan ya koma bakin titi. Wata rana ya tashi, wata rana ya ƙi.

Damina ta kusa ƙarewa, gero ya fara fitar da kai a gonakin hanyar Gaffati, sai aka yi wata marka ta kwana da wuni, siririn ruwa wanda ba ya gudu, yana tsayawa ne ƙasa ta sha. Safiyar da ta biyo baya gari ya washe, rana ta fito fes. Na zo na tarar da igiya a ƙasa cikin taɓo. Ina sunkuye ina ɗaure ta sai na ga ƙadangaru suna saukowa daga bangon, da yawa, suna tsallaka lungu zuwa katangar da ke fuskantarsa. Na kasa kunne. A cikin bangon wani abu na zuba, a hankali, ba ya tsayawa. Ɗaya daga cikin gumaguman ya yi ƙara, na ga gindinsa yana nitsewa a taɓo.

Telan yana cikin rumfa yana karin kumallo. Na ce masa, “Malam, ka taso yanzu.” Ban ɗaga murya ba, amma ya dubi fuskata ya taso da kwanonsa a hannu. Na ce wa samarin shayi biyu su tsaya a wancan bakin lungun kada kowa ya shigo, suka tafi ba musu. Na zagaya da gudu na shiga gida.

Gwaggo na bakin ƙofar soron, ta cire takalmi ɗaya, da ludayi a hannunta za ta ɗebo turare a tukunya, wata mai saye tana jiranta a tsakar gida.

Na ce, “Gwaggo, zo ki zauna.”

Ta ce yanzu za ta fito. Na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Ki saurara.” Ta tsaya. Daga inda muke ana jin zubar. Ta mayar da takalminta, ta bi ni har gindin dalbejiyar da ke tsakar gida, muka zauna mu uku da mai sayen.

Bai faɗi nan take ba. Mun zauna har inuwa ta matsa, har matar ta fara cewa ita za ta tafi ta dawo. Sai muka ji ƙara kamar an tsaga babban itace. Daga baya samarin suka ce simintin ne ya fara ballewa, falle guda, ya kwanta a kan rumfar telan. Mu abin da muka gani shi ne kan soron ya sunkuya a hankali zuwa lungu, azara suka zame ɗaya bayan ɗaya, sannan komai ya bi. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu. Babu ƙura sosai saboda jiƙe yake. Abin da ya cika gidan shi ne warin taɓo da ƙamshin turaren da bangon ya sha shekara da shekaru.

Babu wanda ya ji rauni. Lungun ya cike har kusan tsayin mutum, katangar maƙwabta ta tsage. Mutane suka taru ana ta salati. Gwaggo ba ta tashi ba, ludayin na hannunta. Ta daɗe tana kallon wurin da sama ta bayyana inda da soro yake. Sannan ta ce in kira mata ɗanta, ita za ta gaya masa da bakinta kafin ya ji a wani wuri. Na ji tana ce masa gidan ya tsufa ne, lokacinsa ya yi.

Mushe ya iso da hantsi. Ya zagaya ɓaraguzan, ya ɗebi ƙasar a hannu ya matse, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa. Ya sa ni na zana yadda ya faɗi, inda ya karye da inda azara suka kwanta, ya ce ba kullum ake samun ganin cikin bango ba. Na yi zanen, shi ne mafi muni da na taɓa yi.

Yaya ya zo bayan kwana kaɗan. Na ba da shawarar a sake ginawa da ƙasa, a yi tushe da dutse tunda Damagaram ba ta rasa shi ba, a gyara hanyar ruwa a lungu. Ya ce shi ya gama da ƙasa har abada. Bulo da kwano ya zaɓa, Gwaggo ta bi zaɓinsa, ni kuma na zana masa, na ɗaga rufin iyakar yadda ya yarda, na buɗe tagogi ta inda iska ke zuwa. Duk da haka ɗakin yana da zafi. Da bazara a tsakar gida take shimfiɗa, kuma ta ce turarenta ba ya daɗewa kamar da.

Da ranin shekarar ina wucewa ta wani lungu kusa da nan na tarar da magina suna kwaɓa siminti a gaban wani tsohon soro, sun riga sun shafe rabinsa. Na tsaya na yi sallama, na nemi mai gidan. Ya fito, mutum mai fara'a, ya gane ni. Na gaya masa abin da na sani, a hankali, da Hausa, na ce in yana so zan zo da Mushe mu duba masa kyauta. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce wancan ai ruwan lungu ne ya ci shi, nasa a tudu yake. Ya yi mini godiya, ya raka ni har bakin hanya, magina suka ci gaba da aikinsu. Gidan na nan har yanzu, an yi masa koren fenti, iyalinsa na ciki.